Ranar da Aka Ɗauki Baba Wiliyam a Kafaɗa

Ku matso kusa, Abba, kai da Halilu da Ummi, ku kife wayoyin nan a kan cinya ku ba ni kunnenku. Na san kun sha jin maganar a bakin mutane, wai kakarku ce ta sa babanku ya ɗauki gawar Kirista a kafaɗa a tsakiyar Sentul, da rana tsaka, kowa yana kallo. Haka ne, ni na sa shi. Amma masu ba ku labarin ba sa wurin, ni kuwa ina tsaye, kuma ko ilmin boko bai ishe ni ba, abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Lokacin kuna ƙanana, Ummi ma tana goye. Yanzu kun girma, mazan har da gemu, kuna amsa mini Hausa da Turanci, to ga yadda abin ya faru daga tushe.

Bayan rasuwar kakanku a Kaduna, babanku ya matsa sai na dawo wurinsa nan Kuala Lumpur, inda yake koyarwa a jami'a. Ni ba mai yawo ba ce. A ba ni kicin da tagar da zan riƙa leƙen masu wucewa, shi ke nan an gama da ni. Gidanmu yana hawa na ƙasa a tsohon benen nan, ƙofarmu tana kallon ƙofar wasu tsofaffin Turawa biyu. Matar, Birijit, 'yar gajeriya ce mai murya kamar ta mai talla, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Mijin, Wiliyam, dogo ne siriri marar magana, ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran jiragen ƙasa. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni ina da ɗan Turancin da na tsinta a kasuwar Kakuri, na kuma fara tsintar Malayanci a bakin masu kifi, ita kuwa Birijit tana da duka biyun, ga hannu ga ido. Da haka muka saba. Tana ce mini Mama Rabi, ni ina ce wa mijinta Baba Wiliyam, don ya girme mu duka.

Abin da ya buɗe mini tarihinsu wani ƙyalle ne. Gab da ƙaramar Salla mamanku ta ja ni Jalan Tuanku Abdul Rahman, layin masu yadi, na ga wani yadi mai santsi ruwan lemo, ya burge ni. Na ce maƙwabciya ba a barin ta hannu sake ranar Salla. Na sa aka yanko, na kalmashe bakinsa da hannuna, na kai mata mayafi tare da kwanon tuwo. Ta warware shi, ta ga launinsa. Can sai ta fashe da dariya har ta dafa bango. Baba Wiliyam ya leƙo daga ɗaki, ya ga mayafin a hannunta, shi ma ya zauna a kujera yana share hawaye.

"Mama Rabi," in ji shi, "tun muna samari nake fama in ga wannan launi a jikin matar nan, na kasa. Ke kin yi da kwanon tuwo ɗaya."

"Rufe mana baki, ɗan Sarauniya," in ji Birijit. "Da uwata za ta gan ni da wannan, da ta tashi daga kabari ta mare ni."

Na tsaya riƙe da murfin kwano, kunya ta rufe ni, ban san laifin da na yi ba. Sai ta ja ni ta zaunar, ta ɗora shayi. Mutanen nan ba sa buɗe baki sai da shayi a gaba.

Ni da a sanina Bature duk ɗaya ne, Kirista duk ɗaya ne. Ashe su 'yan Ireland ta Arewa ne, daga birnin Belfast, kuma a can mutane kashi biyu ne. Ta ce tsibirinsu yana kusa da Ingila. Tun zamanin kakannin kakanni sarakunan Ingila suka kwaso mutanensu, Furotesta, suka zaunar da su a arewacin tsibirin a kan gonakin 'yan ƙasa, waɗanda Katolika ne. Da aka zo ba tsibirin 'yanci sai aka yanka shi biyu: kudu ta zama ƙasar kanta, arewa ta tsaya a ƙarƙashin Birtaniya. Dangin Wiliyam Furotesta ne, suna son a zauna da Birtaniya, launinsu ruwan lemo, duk shekara suna rataya shi a kafaɗa su yi jerin gwano da manyan ganguna. Dangin Birijit Katolika ne, suna son a haɗe da kudu, launinsu kore. Makarantarsu daban, unguwarsu daban, har bakin titi ana shafa masa fenti don baƙo ya san ƙasar wa ya taka. Akwai wani birni nasu da ko sunansa ba su yarda a kai ba, kowane ɓangare da yadda yake kiran sa. Ta ce a can ba a tambayar mutum addininsa. Sunansa za ka ji, ka ji makarantar da ya yi da layin da yake, shi ke nan ka gane, sai ka san abin da za ka faɗa da abin da za ka haɗiye.

Tana ba ni labari, amma ni ban ji labarin Turawa ba, labarin Kaduna na ji. Mu ma a Kakuri muke da, kudu da kogi, kakanku yana aiki a masaƙa, maƙwabtanmu rabi Kirista ne, muna aika musu naman Salla suna aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Da rikici ya ci garin muka kwashe kaya muka haye gada zuwa Tudun Wada, su ma nasu da ke arewa suka hayo kudu. Na gaya mata haka. Ta ajiye kofinta ta dube ni.

"Ku kogi ne ya raba ku," ta ce. "Mu da hannunmu muka gina katanga, doguwa, da ƙofar ƙarfe da ake kullewa da yamma. Har yau tana nan."

A tsakiyar tashin hankalinsu ita da Wiliyam suka haɗu, lokacin da bam yake tashi a kasuwa, soja yana tsaye a kowace kwana. An kawo shi asibiti ƙarfe ya yanke shi a hannu, ita ta ɗinke. Ta ce tun daga sunansa ta san ko shi wane ne, amma ya yi shiru yana kallon ta tana ɗinki kamar ba naman jikinsa ba, sai abin ya ba ta haushi, daga haushi kuma aka wuce wurin. Ranar aurensu babu wanda ya zo daga gida biyun. Kowane gida yana da dalilinsa, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Yayan Wiliyam ɗan sanda ne, an harbe shi a ƙofar gidansa. Su Birijit kuwa an ƙone layinsu kaf, aka kuma kama ƙanenta Maikal yana saurayi aka tsare shi ba shari'a. Da saƙon barazana ya fara zuwa musu daga ɓangare biyun, Wiliyam ya nemi aiki a ƙasar waje, suka taho nan suka zauna.

Abin da ya fi burge ni da mutanen can shi ne yadda suka tsaya. Shekara da shekaru ana binne mutane, sai manyansu suka zauna a tebur ɗaya da waɗanda suka kashe musu 'yan'uwa, aka ajiye makamai, aka buɗe gidajen yari, aka ce mulki ma tare za a yi shi, kowane ɓangare da kujerarsa. Mace tana ganin wanda ya kashe mijinta yana sayen burodi a kanti, ta haɗiye. Na tambayi Baba Wiliyam ko ta yaya suka koma son juna.

"Wa ya ce miki muna son juna?" ya ce. "Gajiya muka yi da binne yara. Mutum yana iya zama da wanda ba ya so, Mama Rabi. Sai dai a koya, kamar yadda ake koyon kowane aiki."

"Ni shaida ce," in ji Birijit daga kicin. "Ga ni nan ina zaune da shi."

"Kin ji ta ko, 'yar Fafaroma."

Haka suke yini. Shi yana zuwa cocinsa, ita tana zuwa nata, su haɗu a shagon mamak, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi na bakin titi, su ci gurasar Indiyawa suna musu a kan wanda limaminsa ya fi tsawaita wa'azi. Shi ya gyara mana famfo, shi ya koya wa Abba hawa keke a filin ajiye motoci. Ranar da zazzaɓin sauro ya kama Halilu babanku ba ya gari, Birijit ce ta dube shi sau ɗaya ta ce a tafi asibiti yanzu, Wiliyam ya ja mota. Ku riƙe wannan, don masu magana ba su san shi ba.

A shekarar da nake ba ku labari ciwo ya kwantar da Baba Wiliyam, bai daɗe ba. Wata safiya ina soya ƙosai na ji an taɓa ƙofa a hankali, ba irin bugun Birijit ba. Ita ce. Ta ce ya tafi. Na bi ta, na ga ta buɗe taga, ta tsayar da agogon bango, ta rufe madubi da zane. Ta ce haka ake yi a gida. A gida kuma ba a barin mamaci wurin masu sana'ar gawa, ana dawo da shi ɗakinsa, a buɗe akwatin, mutane su yi ta shigowa suna shan shayi suna ba da labarinsa, har da dariya. Haka ta yi. Na kwashe kofunan gidanmu na kai mata, na tsaya a kicin ɗinta ina dafa ruwa, don zaman makoki dai na san shi ko da wane yare ake yi.

Mutum biyu suka zo daga Belfast: Sam, ƙanen Wiliyam, da Maikal, ƙanen Birijit. Jirgi ɗaya suka hawo, amma kowa da tasi ɗinsa ya iso. Dukansu dogaye ne, dukansu sun yi furfura. Sam ya ɗaure wuya da kwat a wannan zafi namu, yana zaune ƙiƙam kamar an dasa shi. Maikal jajir da shi, mai barkwanci, yana ta fifita da jarida. Ba su yi faɗa ba, kada ku ɗauka haka. Ladabi suke yi wa juna, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ɗaya yana kusa da kan akwatin, ɗaya yana can wajen ƙafa. In Sam yana son sukari, sai ya ce wa Birijit ko za a miƙo sukari, alhali gwangwanin yana gaban Maikal. Abu ɗaya suka yarda a kai, wato garin da zafi. Na lura kuma duk wanda ya buɗe baki sai ya auna maganar tukuna, kamar mai taka ƙasa bayan ruwan sama.

Ana gobe jana'iza, bayan la'asar, Birijit ta shigo kicin ɗina ta zauna a kan kujerar tsugunno.

"Mama Rabi, maza nake nema."

"Maza kuma? Na me?"

"Na ɗauka. Mai motar gawa ya ce yana da keken turawa, za a ɗora shi a tura har bakin get. Wiliyam ba buhun shinkafa ba ne."

Sai ta yi mini bayani. A ƙasarsu ba a saka mamaci a mota daga ƙofar gida. Maza ne suke ɗaga akwatin su ɗora a kafaɗa, uku ta nan uku ta can, kowa ya zura hannu ta ƙarƙashi ya riƙe kafaɗar wanda yake ɗaya gefen, su yi tafiya da shi a hankali a kan layinsu. In sun yi ɗan nisa wasu su karɓa. Ta ce ko a lokacin da ake kashe juna, a ƙauyuka, in Katolika ya mutu maƙwabcinsa Furotesta yakan zo. Da yawa ba sa shiga cocin, a bakin get suke tsayawa riƙe da hula. Amma za a matso a ce masa, zo ka karɓa, shi ma ya sa kafaɗa. Wanda aka ɗauka da yawa, an san ya zauna lafiya da mutane. Wanda aka rasa masu ɗaukar sa, abin kunya ne ga gidansu har abada.

"Ya bar ƙasarsa saboda ni," ta ce. "Bai ɗauki uwarsa ba, bai ɗauki ubansa ba, don ba a so a gan shi a wurin. Abokan aikinsa sun mutu ko sun koma. Ina da Sam, ina da Maikal, ina da Ankul Raju na hawa na biyu. Uku ke nan, tsofaffi. Ba zan bari Sam ya koma gida ya ce a keke aka tura yayansa ba."

Na ce mata ai mu ma haka muke yi, makara ba ta daɗewa a kafaɗa ɗaya, ana tafe ana karɓa. Ta ɗago ta dube ni kamar na ba ta wani abu. Na ce ta je, za a samu.

Biyu ba su yi wuya ba. Akwai Yohanna, ɗalibi ɗan Kaduna da yake zuwa cin tuwo wurina duk ƙarshen mako, da abokinsa Dalyop ɗan Jos. Na kira shi a waya, ban gama magana ba ya ce, "Mama, an gama, ƙarfe nawa?" Saura ɗaya. Na jira babanku ya dawo daga masallaci, ya ci abinci, sannan na gaya masa. Ya daɗe yana juya cokali a kwano.

"Inna, kin san matsayina a cikin jama'armu. Ni nake ja musu salla in an taru. Gobe in an gan ni a ƙarƙashin akwatin nan, me zan ce?"

"Ka ce maƙwabcinka ne."

"Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan. Ba abin wasa ba ne."

"Ni ban yi karatun da ka yi ba, ba zan yi musu da malamai ba. Ban ce ka shiga coci ba, ban ce ka yi addu'arsu ba. Daga ƙofar nan zuwa bakin get. Su ma a ƙasarsu iyakar abin da ake nema wurin maƙwabci ke nan."

Sai na tuna masa abin da shi da bakinsa ya ba ni labari, don mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Ranar da kakanku ya rasu, gari bai gama lafawa ba, amma Baba Yakubu, tsohon maƙwabcinmu na Kakuri, Kirista, ya hayo gada shi kaɗai ya zo Tudun Wada. Ya tsaya can gefe har aka idar da salla. Ya bi makara a baya har maƙabarta, ana ta karɓa ana ta karɓa, yana matsowa yana ja da baya, babu wanda ya ce masa zo. Tare suka yi aiki a masaƙa tun suna samari. Babanku ya ce mini a lokacin ya gan shi, ya so ya yi magana, bakinsa ya yi nauyi.

"Yau kuma ga shi an ce maka zo," na ce.

Ya tashi ya wanke hannu. Da safe na ga ya fito da farar shaddarsa da hula, ya tsaya a ƙofar Birijit.

Yanzu ga abin da ya faru a tsakar gidan, ku saurara da kyau. An fito da akwatin an ɗora a kan wasu ƙafafun katako. Rana ta riga ta yi zafi. Mutanen bene sun fito baranda, Malayawa da Indiyawa da 'yan China, suna kallo. Sam ya je ya tsaya a gaba ta dama, ya yafito babanku ya tsaya ɗaya gefensa. Maikal ya zagaya can baya ta hagu, iyakar nisan da akwati zai iya ba shi. Aka ce a ɗaga. To babanku kun san shi, gajere ne kamar ni, kansa da ƙyar ya kai kafaɗar Sam. Akwatin ya karkace gaba ta hagu, ya karkace baya ta dama wajen Ankul Raju, muka ji abu ya gurgura a ciki. Birijit ta dafe ƙirji. Yohanna ya ce, "Wayyo, a sauke, a sauke!" Aka sauke.

Mai motar gawa wani ɗan China ne mai tumbi, gumi yana zuba masa, bai san Belfast ba, bai san kore ba, bai san ruwan lemo ba. Tsawo kawai ya sani. Ya zagaya yana auna su da ido kamar mai sayen raguna. Ya haɗa Yohanna da Dalyop a tsakiya. Ya tura babanku baya tare da Ankul Raju. Sannan ya kamo hannun rigar Maikal ya jawo shi gaba, ya tsayar da shi daidai da Sam.

"Ku biyu tsawonku ɗaya, gaba lah. Hannu a kafaɗa. Boleh?"

Boleh a bakinsu shi ne za a iya. Sam yana kallon get, Maikal yana kallon takalminsa. Na ce a raina yau za a yi abin kunya a gaban duniya, za a kawo keken nan. Mai motar ma har ya juya yana neman sa da ido.

Sai Maikal ya yi gyaran murya, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba. Wannan ce magana ta farko da na ji ya yi wa Sam kai tsaye.

"Kafaɗar dama ta lalace tun ina tsare. In ba damuwa, ka ba ni wancan gefen."

Sam ya juyo ya dube shi, ya daɗe. Kowa a cikinsu ya san inda kafaɗar ta lalace, ya kuma san irin rigar da ke jikin waɗanda suka lalata ta, irin ta ɗan sandan gidan su Sam da aka harbe. Sai Sam ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa Birijit, ya zagayo suka yi musaya.

"Da ƙafar hagu ake farawa," ya ce. "Kada ka ja mu da sauri."

"Ku ne gwanayen maci, ai sai mu bi ku."

Wallahi sai da gefen bakin Sam ya motsa. Aka ɗaga, akwatin ya zauna daram. Na ga hannun Sam ya bi ta ƙarƙashi ya kama kafaɗar Maikal, na Maikal ya kama tasa, kunnuwansu manne da katako, Wiliyam a tsakaninsu. A baya babanku da Ankul Raju suna riƙe da juna, hular babanku ta goce. Suka tafi a hankali, taku ɗaya, suka wuce wurin da Abba ya koyi keke, suka wuce ɗakin mai gadi, wanda ya miƙe ya cire hularsa. Babu masu karɓa, don haka babu wanda ya sauke har get. Ni da Birijit muna biye, ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga. Ba ta yi kuka ba. Tana ta cewa a hankali, "Ka gani, ɗan Sarauniya? Ka gani?"

A coci ni da babanku muka tsaya a waje ƙarƙashin wata bishiya har aka gama. Maikal ya yi jim a bakin ƙofa, don cocin ba nasu ba ne, sannan ya shiga ya zauna a layin baya. Ba zan yi muku ƙarya in ce sun zama aminai ba. Washegari na gan su a shagon mamak, tebur ɗaya, kowa yana kallon titi, suna musu a kan ƙwallo. Ranar komawa tasi ɗaya suka kira. Iyakar abin da na gani ke nan, kuma a wurin mutanen can ba ƙaramin abu ba ne.

Mu kuwa namu ya biyo baya. Wani ya ɗauki hoto daga baranda, kafin magariba ya zagaya wayoyin Hausawan garin nan kaf. Hajiya Bilki ta Titiwangsa, wadda muke kamar 'yan'uwa da ita, ta kira ni.

"Hajiya, me nake gani haka? Dakta guda, mai ja mana salla? Ke da ya kamata ki hana, ashe ke kika tura?"

"Ni na tura."

"To Allah ya shirya."

Daga ranar ba ta sake taka gidan nan ba, in mun haɗu a suna sai gaisuwar baki. A taron Salla na shekarar aka gabatar da wani ya ja salla, ba a ce wa babanku komai ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dawo ya zauna a falo bai cire hula ba. Na san ya ji ciwo, don abin nan yana ransa. Na ce masa ko yana ganin na cuce shi. Ya ce, "Inna, nauyin akwatin ne har yanzu a wuyana, ba maganarsu ba." Bai ƙara tayar da zancen ba har yau, shi ya sa ba ku taɓa ji daga bakinsa ba. Wasu sun dawo daga baya, wasu ba su dawo ba. Ban riƙe kowa ba. Mai ganin kuskure ne yana da malamansa, kuma Allah ne masanin daidai. Ni dai abin da na gani da idona na faɗa muku.

Ga dalilin da ya sa na zaunar da ku na ba ku wannan labari yanzu. Birijit tana nan, kun sani, kuna wuce ƙofarta kullum kuna ce mata Anti. Ta ƙi komawa Belfast, ta ce ba za ta bar Wiliyam shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Yanzu da sanda take tafiya, ni nake kai mata kunu. Sam ya rasu, Maikal ba ya iya hawa jirgi. Ankul Raju ya rasu. Yohanna da Dalyop sun gama karatu sun koma gida da iyalansu. Babanku kuwa bayansa ba ya barin sa ya ɗauki ko jarkar ruwa. Makon jiya muna zaune tana shan kunu, sai ta ajiye kofin ta ce mini, ba wasa a fuskarta:

"Mama Rabi, na duba ko'ina. Ni kam keken nan ne zai kai ni."

Na ce mata ta daina wannan magana, ina da jikoki. Na faɗa kafin in tambaye ku, kuma ba zan tilasta wa kowa ba, don kun ji abin da ya biyo bayan na babanku, ban ɓoye muku komai ba. Ummi, ke aikinki riƙe kicin da kofuna, na san ba sai an gaya miki ba. Amma kai Abba, da kai Halilu, tsawonku ɗaya, na auna ku da ido tuntuni. In ranar ta zo, ko ina nan ko ba na nan, aka fito da ita aka ajiye a tsakar gidan nan, wa zai fara matsowa a cikinku?